Takin Filin Ƙwallonmu da Takardar Samaru



A Tudun Wadar Zariya ciyawa abar cirewa ce. Manomi nome ta yake yi, mai gida ya sa yara su tuge ta daga gindin katanga saboda sauro da maciji, mai kiwo kuma ya yanko ta ya zuba wa rago. Duk wanda ya yi makaranta a garin nan ya san langalanga, ya kuma san cewa yankan ciyawa horo ne da ake ba wanda ya makara. Shi ya sa idan mutum ya miƙe a gaban jama'a ya ce a yi karo-karo a saya wa ciyawa taki, kallon da za a yi masa ba na mai cikakken hankali ba ne. Mu muka miƙe muka faɗi haka, kuma an yi mana wannan kallon.

Mu ɗin tsofaffin 'yan ƙwallon unguwa ne waɗanda gwiwa ta riga ta ƙi. A cikinmu akwai tela, akwai malamin firamare, akwai mai gyaran babur, akwai wanda ya yi ritaya. Abin da ya haɗa mu fili ne guda, tsawonsa kamar mita 90, faɗinsa kamar 55, wanda masu shi suka ba yaran unguwa aro da sharaɗin a kula da shi. Filin ya zama fako. Rabinsa jar ƙasa ce mai tsakuwa, idan yaro ya faɗi sai fatar gwiwa ta tafi, a gefe kuma tsaida ta yi gida, mai buga ƙwallo ba takalmi ya san ta. Ruwan damina ya fara yanka wata 'yar hanya daga tsakiya zuwa kwana, kowace shekara tana ƙara zurfi. Sai muka ji ƙishin-ƙishin cewa wani mai buga bulo ya je ya taya wurin. Masu filin ba su ɓoye mana ba, suka ce in dai zaizaya ce za ta cinye shi, gara su ba wanda zai biya haya. Wanda ya san Tudun Wada ya san fili in ya tafi ba ya dawowa, shaguna ne za su tsiro.

An taɓa gwada zuba taki a wurin kafin mu. Wani mai neman kujera ne ya aiko da buhunan kamfa ana tsakiyar watan Agusta, aka watsa su rana ɗaya, aka ɗauki hoto. Da daren aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: gefen gabas, inda dā can juji ne, kyasuwa da gude-gude suka tashi har ƙugu, gefen yamma mai jar ƙasa kuwa ko gezau. Da muka je wurin mai sayar da taki neman shawara, bai ko tambayi kalar ƙasar ba. Ya ce, "Alhaji, ku ɗauki kamfa buhu biyar, shi ne mai komai da komai." Ba mu ga laifinsa ba sosai, abin da ke shagonsa ke nan.

Wanda ya fi ba mu wuya wani dattijo ne da ke zama a bakin filin da yamma, manomi tun yana saurayi. Ya bari sai da muka gama bayani, sannan ya ce, "Yarana, taki na abinci ne. Bana rabin gonata ban iya sa mata ko hannu ɗaya ba. Ku kuma za ku zuba buhu biyar a inda ba a girbe ko zangarniya?" Muka ce, "Baba, yaran nan ne muke ji." Ya ce shi ma yara yake ji, amma cikinsu. Maganar ta zauna mana, domin gaskiya ce. Tun daga 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya girgiza kasuwar taki ta duniya, buhun da gwamnati ta taɓa sayarwa naira 5,500 a ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 ya zama labarin dā. Masana'antar yuriya ta Dangote da aka buɗe a Legas a watan Maris na wannan shekara ta 2022 ba ta sa ƙaramin manomi ya sami sauƙin da ya sa rai ba. A irin wannan hali, duk kilon da za a zuba wa filin wasa sai an iya kare shi a gaban mutum irin Baba.

Ɗan wani daga cikinmu, wanda ke karatun ilimin ƙasar noma a Jami'ar Ahmadu Bello, shi ya ce, "Kawu, kafin ku sayi komai ku kai ƙasar a auna ta mana." Abin kunya ga mutumin Zariya shi ne ya manta abin da ke bayan gidansa. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma tun 1962 Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR, take ƙarƙashin jami'ar. Daga jihohi masu nisa ake aiko da ƙasa a auna a can. Mu kuwa mota ɗaya ce, ta PZ da Kwangila da Palladan.

Ɗibar ƙasar ma da ka'idarta, kuma a nan ne aka fi ɓata gwaji. Idan ka kwashi hannu ɗaya daga wuri ɗaya, labarin wannan tafin hannun kawai za a ba ka. Yaron ya sa muka raba filin gida biyu bisa abin da ido ke gani: ɓangaren jar ƙasa, kamar murabba'in mita 3,000, da ɓangaren tsohon juji mai baƙar ƙasa, kamar 2,000. A kowane ɓangare muka bi a karkace, nan da can, muka haƙa wurare kusan ashirin, zurfin santimita 10 kacal, domin a nan yawancin saiwar ciyawar fili take. Na gonar masara akan kai 15 zuwa 20. Muka kauce wa inda awaki ke kwana da inda ake ƙona shara. Aka cakuɗa na kowane ɓangare a bokitin roba mai tsabta, aka shanya a inuwa, aka tsince tsakuwa, aka ɗebi kamar rabin kilo aka ƙulle a leda da rubutu. A watan Maris muka yi, kafin ruwa ya sauka, don sakamako ya fito da sauran lokacin shiri.

Takardar da ta dawo shafi ɗaya ce, layi biyu na lambobi. Mai gyaran babur ɗinmu ya juya ta sama da ƙasa ya ce wannan ai sai boka. Muka zauna a shagon tela, yaron yana karantawa muna tambaya, har aka yi kusan awa biyu.

Lamba ta farko ita ce pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa. Bakwai shi ne tsaka-tsaki. Ƙasa da bakwai tsami ne, sama da bakwai kuma ɓangaren toka da kanwa ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tazarar lamba ɗaya ninki goma ce: ƙasa mai 5 ta fi mai 6 tsami sau goma. Sannan takardar takan zo da pH iri biyu, wanda aka auna a ruwa da wanda aka auna a wani ruwan gishirin kalsiyam, kuma na biyun kullum yakan fito ƙasa da na farko da kamar rabin lamba. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauki ƙaramar lambar ya firgita. Namu, a ma'aunin ruwa, jar ƙasar ta ɗan haura 5.5, ta jujin kuma ta wuce 7. Fili ɗaya, taku hamsin tsakani. Dalilin bai da wuyar ganewa, shekara da shekaru matan unguwa suna zubar da tokar murhu a gefen gabas, toka kuwa kashe tsami take yi. Ciyawar da muke so tana jure wa daga wajen 5.5 har zuwa sama da 7, saboda haka babu ɓangaren da ke buƙatar farar ƙasa yanzu. Amma jar ƙasar tana bakin gaɓa. Idan ta gangara ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam da ke cikinta yakan narke ya hana saiwa tsawo.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, to ƙasa ma haka. A Samaru ɗin nan akwai wani gwajin gona da aka fara tun 1950, ana kiransa DNPK, wato kashin shanu da sinadaran taki uku. An yanka ƙananan filaye, wasu ana zuba musu takin zamani zalla, wasu kashin shanu zalla, wasu a haɗa, wasu a bar su haka, shekara bayan shekara. Abin da aka gani shi ne filayen da aka daɗe ana ɗura wa takin naitirojin ba tare da na gargajiya ba sun yi tsami, amfaninsu ya ja baya, waɗanda aka haɗa musu biyun kuwa suka riƙe ƙarfinsu. Mun yi mamakin yadda abu irin wannan yake kusa da mu fiye da shekara saba'in amma ba ka jin sa a hirar majalisa. Ga mu dai ma'anarsa ɗaya ce: yawan yuriya a jar ƙasar nan zai ba mu kore bana, ya bar mana tsami baɗi.

Lamba ta gaba ta abin da ya ruɓe ya zama jikin ƙasa ce, ganye da saiwa da kashin dabbobi. A ma'aunin da masana ƙasar nan suka saba amfani da shi, abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba ƙaranci ne. Jar ƙasarmu ko kusa ba ta kai ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a yankinmu, inda zafi ke cinye ruɓi da sauri, gara ta ɗauki nata, iska da ruwa su kwashe saura. Amma shi ne ke riƙe danshi, shi ne kuma ke riƙe takin da ka zuba. Ƙasar da ba ta da shi kamar kwando take, in ka zuba da yawa lokaci ɗaya sai ya zurare. Naitirojin ɗin da aka rubuta a takardar shi ma kaɗan ne, sai dai yaron ya ce kada mu jingina da wannan lambar wajen lissafi, domin jimillar abin da ke ƙasar take nunawa, ba abin da ciyawa za ta iya sha a wannan makon ba. Naitirojin ba ya zama wuri ɗaya. Da buƙatar ciyawar ake auna shi, da kuma ido.

A kan fosfaras ne takardar ta biya kuɗinta. Ƙasa da miligiram 10 a kilo ɗaya na ƙasa ƙaranci ne, sama da 20 wadata ce. Jar ƙasar ba ta kai 10 ba. Ta jujin ta ninka 20 ɗin har da ɗori. Wato da mun bi shawarar buhu biyar, da kashi biyu cikin biyar na fosfaras ɗin da muka saya ya faɗa inda ba a buƙatarsa ko kaɗan. Kuma ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Fosfaras manne wa ƙwayar ƙasa yake yi, idan ruwa ya kwashi ƙasar sai ya tafi da shi. Duk lambatun unguwarmu Kubanni yake nufa, Kubanni kuma ta zuba a Galma. Wanda ya taɓa tsayawa a kan gada da rani ya ga yadda ruwan ke yin kore da gansakuka ya ga aikin da ƙazanta da rarar taki ke yi. Ba mu ce filinmu ne zai kashe kogin ba, abin da ke shiga cikinsa ya fi ƙarfin filin ƙwallo. Amma da wannan ruwan masu lambu ke ban-ruwan latas da kabejin da muke saye. A jihar Minesota ta Amurka, tun 2005 doka ta hana zuba wa ciyawar gida taki mai fosfaras sai in gwajin ƙasa ya nuna ana buƙata ko kuma sabuwar shuka ce, saboda tafkunansu. Mu ba doka ce ta hana mu ba, aljihu ne da takarda.

Fotashiyam kuma ya zo da wani abin lura. A takardunmu ana rubuta shi da wani awo da ake kira santimol, kuma ƙasa da 0.15 ake kira ƙaranci. Idan kana so ka mayar da shi miligiram a kilo sai ka ninka da 391, wato 0.15 ya zama kusan 59. Amma wannan iyakar don amfanin gona aka tsara ta, irin masara da dawa, waɗanda ake girbewa a kwashe har kara. A 2012 wasu masana ciyawar filayen wasa, Micah Woods na wata cibiya da ke Tailan tare da abokan aikinsa na PACE Turf a Kalifoniya, suka fito da wani ma'auni da suke kira MLSN. Sun tattara dubban sakamakon gwaji daga filayen da ciyawarsu ke da lafiya, suka duba mafi ƙarancin abin da ke cikin ƙasarsu. Daga baya suka tsayar da 37 ga fotashiyam, 21 ga fosfaras. Wato ƙasar da za a ce wa manomin masara ta gaza tana iya isar ciyawa. Sai dai a yi hattara, hanyar da suka bi wajen tatso sinadarin daga ƙasa ba lallai ta zama irin ta ɗakin gwajin da ka je ba, don haka a tambayi wace hanya aka bi kafin a kwatanta lamba da lamba. Namu dai bai jawo gardama ba, jar ƙasar tana da matsakaici, ta jujin kuwa toka ta cika ta. Ƙurar hunturun da muke tsine wa kowace shekara ma tana sauke ɗan fotashiyam da kalsiyam a ƙasar Arewa kyauta.

To ga lissafin, kuma muna roƙon wanda ba ya son lissafi ya daure, a nan kuɗin yake. Lambobin da ke jikin buhu kashi ne cikin ɗari. Kamfa mai 15-15-15, buhun kilo 50, yana ɗauke da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga cikin ukun. Yuriya kashi 46 ce, wato buhu ɗaya kilo 23 na naitirojin zalla. Mun tsayar da giram biyu da rabi na naitirojin a kowane murabba'in mita a zubi ɗaya, rabin abin da littattafan Turawa suka saba faɗa, saboda ƙasarmu ba ta riƙo. A fili mai murabba'in mita 5,000 wannan ya zama kilo 12.5, wato yuriya kilo 27, rabin buhu da ɗan ɗori. Sau uku a damina, kilo 81, bai cika buhu biyu ba. Da da kamfa za a nemi wannan adadin naitirojin, sai an zuba kilo 250. Buhu biyar ɗin mai shago ke nan daidai, ashe shi ma ya iya lissafinsa. Ga jar ƙasar kaɗai muka nemi supa buhu ɗaya, wanda ya ba mu wuyar samu a kasuwa. Yana da kamar kashi 18 na fosfet, ga kalsiyam da farar wuta a ciki, kuma da yake fosfaras ba ya nutsewa da kansa, a lokacin kaftu muka cakuɗa shi da ƙasa. Buhu uku ke nan maimakon biyar, kuma kowanne mun san inda za shi.

Akwai abin da takardar ba ta faɗa ba, wanda kuma ya fi duk lambobin muhimmanci a gaban raga. Ɗakin gwaji niƙe ƙasa yake yi ya tankaɗe kafin ya auna, saboda haka bai san ko ta daskare ba. Mun yanke gindin gwangwanin madara babba, muka kafa shi a gefen fili muka cika da ruwa, kafin a gama gaisawa ya shanye. Muka kafa shi inda gola ke tsayawa, muka je muka dawo ruwan yana nan. Ƙafar yara ta shekara ashirin ta mayar da wurin kamar daɓe. Ko buhu goma ka zuba a nan, saiwa ba ta da hanyar shiga. Wani maƙeri ya haɗa mana ƙarfe mai haƙora huɗu da wurin taka ƙafa, bayan ruwan farko ya jiƙa ƙasa muka bi muna huda ta. Inda abin ya yi tsanani sai da aka sa diga. Hanyar da ruwa ya yanka kuma muka cike ta, muka karkatar da shi ta gefe da ɗan kwalbati na duwatsu.

Ciyawar ba mu saye ta ba. Kiri-kiri ce, wadda manoma ke zagi saboda in ta shiga gona ba ta fita, kuma ita ce dai Turawa ke kira Bamuda suna shimfiɗawa a manyan filayen wasa na ƙasashe masu zafi, sai dai nasu irin an inganta shi. Halin da ya sa manomi ya tsane ta shi muke nema: tana yaɗo ta sama, tana yaɗo ta ƙarƙashi, a taka ta ta tashi. Masu lambun bakin Kubanni har godiya suka yi mana da muka zo kwasa. A watan Yuni, da ruwa ya zauna, yara suka dasa ta layi-layi, tazarar taki ɗaya. Rufe filin na mako shida shi ne yaƙin da ya fi kowanne, domin yaro ɗan shekara goma sha biyu ba ya gane zancen baɗi.

Yuriya tana da sharaɗi. Idan ka watsa ta a busasshiyar ƙasa rana na dukanta, wani kaso yakan bi iska. Idan ka watsa a jiƙaƙƙen ganye da raɓar safe, ta manne ta ƙone shi. Idan ka watsa gabanin ruwa mai ƙarfi, ka yi wa lambatu hidima. Abin da ake so shi ne ganye a bushe, ƙasa da danshi, sannan a sami yayyafi ko matsakaicin ruwa a bayanta. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma Agusta ne ya fi kowane wata. Don haka muka zuba na farko bayan dashen ya kama, na biyu a ƙarshen Yuli, muka tsallake Agusta gaba ɗaya, na uku a farkon Satumba. Raba kilo 27 a fili mai wannan girma da hannu ba wasa ba ne. Da busasshen yashi muka gauraya shi don ya yi auki, muka ja igiya muka yanka filin, aka bi a tsaye da rabi, aka sake bi a kwance da sauran.

Takin gargajiya kuwa lissafinsa ya sa mun yi shiru. Don a shimfiɗa kaurin rabin santimita kawai a jar ƙasar ana buƙatar abin da ya haura baro 200. Ba mu da shi. Sai muka bi gidajen masu kiwo muna roƙon kashin awaki da tumaki, muka tara shi ya ruɓe sosai, muka tankaɗe, muka ba gaban raga biyu da tsakiyar fili. Wasu sun kawo shawarar a kwaso takin bola, tunda kyauta ne kuma manoman kewayen gari suna amfani da shi. Mun ƙi. Wanda ya taɓa tona bolar Tudun Wada ya san abin da ke ciki: fasasshiyar kwalba, reza, allura, mataccen batir. A gona wataƙila a yi haƙuri da wasu, amma ba a inda yara ke zamiya da ƙirji ba.

Rigimar da ba mu gama da ita ba ita ce ta yankan. Ka'ida ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya, kuma a bar abin da aka yanka ya ruɓe a wurin, domin yana mayar da wani kaso mai kauri na naitirojin ɗin da ciyawar ta sha. To amma a unguwar da kusan kowane gida da ɗan akuya, ɗanyar ciyawa a kwance kuɗi ce. Tun ranar farko yara suka zo da buhuna. Wata tsohuwa mai tumaki uku ta ce mana, "'Ya'yan nan, ku bar ciyawa ta ruɓe dabba na kuka? Wannan wane irin ilimi ne?" Muka ce, "Inna, ki ɗiba, amma ki riƙa aiko mana da abin da suka kasayar." Ta yi dariya ta ce ta yarda. Wasu suna aikowa, wasu ba sa aikowa. Ɓangaren juji mun sakar musu shi gaba ɗaya, tunda can rara ce, kwashewar ma taimako ne. Jar ƙasar muke tsaro.

Baba bai sauya ra'ayi ba. Har yau in muka wuce yakan ce, "Manoman ƙwallo, ina amfanin gona?" Amma da ya ji cewa kusan kilo 19 na yuriya ya rage, ya aiko jikansa da buhu, ya ce albasarsa ta rani na gaishe mu. Mun ba shi, babu wanda ya yi musu.

Masu filin sun zo sun gani a watan Satumba, suka ce a ci gaba, maganar bulo a ajiye ta tukuna. Tukuna suka ce, mun ji da kyau.

Yanzu rani ya shigo, kiri-kirin ta koma ruwan ƙasa, kuma masu wucewa suna ce mana ta mutu. Ba ta mutu ba, barci take, saiwarta na nan. Wani ya ce a riƙa ba ta ruwa. Mun buga lissafi: milimita 25 a mako a wannan fili lita 125,000 ce, wato jarka 5,000 mai cin lita 25, a unguwar da gidaje ke jiran 'yan garuwa da safe. Ba za mu yi ba, ko da muna da kuɗin. Taki ma babu shi har sai ruwa ya dawo, domin ciyawar da ba ta girma ba ta ci. Abin da muke yi shi ne rage wasa zuwa kwana huɗu a mako, da matsar da sandunan raga taku biyar kowane wata don kada wuri ɗaya ya sha duka. Gaban ragar yamma har yanzu da sanƙo kamar faɗin tabarma biyu. A watan Maris za mu sake ɗibar ƙasa daga wuraren da muka ɗiba bara, zurfi ɗaya, mu ga ko pH ɗin jar ƙasar ya motsa, kuma wannan karon gaban ragar za mu ƙulle shi a ledarsa daban.